Baƙon da Ba Ya Sallama: Zama da Ciwon Sukari

(Jawabin da aka karanta a zauren taron ɗalibai ranar 14 ga watan Nuwamba, da sunan waɗansu tsofaffin 'yan ƙungiya masu fama da wannan ciwo.)



Muna godiya ga ƙungiya saboda gayyatar da ta yi mana. Mu bakwai ne, kuma dukanmu mun taɓa zama a kan waɗannan kujeru da kuke kai, waɗansunmu shekara ashirin da suka wuce, waɗansu ƙasa da haka. Ba aji ɗaya muka yi ba, ba kuma ma'aikata ɗaya muke aiki ba. Abin da ya haɗa mu shi ne wani benci na asibiti, inda mukan yi layi da sassafe, ba mu karya kumallo ba, kowa riƙe da katinsa, muna jiran a ɗebi jininmu. Da aka ce mu zo mu yi magana, sai muka ga ya fi kyau mu haɗa baki, mutum ɗaya ya karanta. Saboda haka duk inda kuka ji an ce "mu", to, mu bakwai ɗin nan ake nufi. Babu likita a cikinmu. Akwai dai akawu, da malamar sakandare, da mai duba asusu, da sauransu. Abin da za mu faɗa, abin da muka koya ne daga likitocinmu da kuma daga jikinmu, watau ba zai maye gurbin zuwa asibiti ba.

Ba a banza aka zaɓi wannan rana ba. Ranar haihuwar Frederick Banting ce, likitan nan ɗan ƙasar Kanada wanda shi da abokin aikinsa Charles Best suka tato sinadarin insulin a birnin Toronto a shekarar 1921, kuma tun 1991 ake keɓe ta domin tunawa da ciwon sukari a duniya. Amma ciwon ya girmi Banting nesa ba kusa ba. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura kiyashi yana taruwa a kan fitsarin waɗansu majinyata, har suka raɗa wa cutar suna fitsarin zuma. Ibn Sina ma ya yi bayaninta kimanin shekara dubu da suka shige. Ɗaya daga cikinmu kuwa, mahaifiyarsa ce ta fara ganin kiyashin a makewayi, ta ce masa lalle ya je a duba shi, alhali ba ta taɓa jin sunan Ibn Sina ba.

Bari mu faɗi a taƙaice abin da ke faruwa a cikin jiki, domin wanda bai fahimci wannan ba, duk dokar da aka kafa masa zai ɗauke ta zalunci. Tuwo, da shinkafa, da burodi, da rogo, da fura, duk idan suka shiga ciki jiki yakan narkar da su su zama sukari, sukarin ya shiga jini. Tsokar jiki tana bukatarsa kamar yadda mota ke bukatar mai, amma ba zai iya shiga cikinta ba sai an buɗe masa ƙofa. Mabuɗin ƙofar shi ne insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, mai suna fankiriyas, take samarwa. A ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda galibi yara da matasa yake kamawa, mabuɗin ne ya ɓace ɗungum, sai an kawo wani ta hanyar allura. A nau'i na biyu, wanda shi ne namu, mabuɗi yana nan, kwaɗon ne ya yi tsatsa. Gaɓar nan sai ta dinga ninka aiki domin ta tilasta ƙofar ta buɗe, shekara da shekaru, har ta gaji ta fara gazawa. Wani likitan Ingila, Harold Himsworth, shi ya fara rarrabe nau'o'in nan biyu a fili a shekarar 1936, kuma cikin kowane mutum goma masu ciwon sukari, kimanin tara nau'i na biyu ke damunsu.

Sukarin da ya rasa wurin shiga sai ya taru a jini. Idan ya yi yawa ƙwarai ƙoda takan zubar da shi cikin fitsari tare da ruwa mai yawa, daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa da rama da gajiya suke fitowa. To, amma ga inda hatsarin yake: kafin waɗannan alamu su bayyana, sukarin yakan yi shekaru yana cin ƙananan jijiyoyin jini na ido da ƙoda da ƙafa, yana kuma toshe manyan da ke kai jini zuciya da ƙwaƙwalwa, mutum bai ji ko ciwon kai ba. Wannan ya sa muka kira shi baƙon da ba ya sallama. Bai yi sallama da zai shigo ba, ba kuma shi da niyyar yin sallama ya tafi. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da shi ba. Mai yiwuwa ne a cikin zauren nan ma akwai irinsu.

Ranar da aka gaya mana, babu ɗayanmu da ya yarda. Wani ya zagaya ɗakunan gwaji uku yana neman wanda zai ƙaryata na farko. Wani ya ce ai ciwon attajirai ne, shi da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ina shi ina wannan? Wani ya fara zargin abokin aikin da suke takarar ƙarin girma da shi, ya ce jifa ce. 'Yar'uwarmu malama kuwa shekara guda cur tana ɓoye maganinta a ƙarƙashin kayan ɗinki, domin gudun kada dangin miji su ji su ce an kawo musu mai cuta. Ba mu faɗi wannan don ku yi mana dariya ba, ko da yake mu kanmu mukan yi wa juna idan mun tuna. Mun faɗa ne domin ku san cewa ƙin yarda ɗabi'ar ɗan Adam ce, kuma ilimin jami'a bai hana ta. Illarta ita ce lokacin da take ci, domin ciwon ba ya dakatawa ya jira mutum ya gama musu.

Da mu takwas ne. Na takwas ɗinmu ya fi mu duka kaifin basira, kuma ya riga mu fara shan magani. Wata rana a bakin tasha ya ji mai maganin gargajiya yana shela da lasifika cewa yana raba mutum da ciwon sukari cikin kwana arba'in. Ya saya, ya sha, ya cika kwana arba'in, ya ajiye ƙwayoyin asibiti, ya daina zuwa benci. Duk sa'ad da muka gamu da shi sai ya ce mu dube shi, ina alamar ciwo a jikinsa? Gaskiya kuwa babu, kusan shekara biyu yana harkokinsa garau. Sai wata damina ƙusa ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafarsa, ya yini yana takawa bai ji ba, sai da ya zo alwalar magariba ya ga jini a safa. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi sun riga sun mutu. Miki ya ƙi warkewa, aka yanke yatsa, aka dawo aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, bayan shekara ɗaya da rabi ƙoda ta tsaya. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, babban yana aji biyu na sakandare. Allah ya jiƙansa.

Kada a ɗauka muna raina itatuwa da ganyaye. Metfomin, ƙwayar da yawancinmu muke sha, asalinta daga wani tsiro ne da Turawa suka daɗe suna magani da shi, kafin wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya fara ba masu ciwon sukari ita a 1957. Bambancin shi ne an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya, an kuma gwada ta a kan dubban mutane. Binciken da aka fara a Birtaniya a 1977, aka bayyana sakamakonsa a 1998, ya bi sawun majinyata fiye da dubu biyar, ya tabbatar cewa rage sukarin jini yana rage lalacewar ido da ƙoda, haka ma rage hawan jini. Mai lasifika bai bi sawun kowa ba. Ya sayar ya hau mota ya yi gaba. Shi kuma zancen da ake yi cewa ɗaci yana kashe zaƙi, watau a sha shuwaka ko maɗaci a wanke sukari, zancen harshe ne, jini bai san ɗanɗano ba. Zogale da shuwaka abinci ne masu kyau, a ci su a miya da kwaɗo, amma wanda ya ajiye maganinsa dominsu ya bi hanyar ɗan'uwanmu.

Mutuwarsa ce ta sa muka sake duban abin da muke nufi idan muka ce mun yarda da ƙaddara. Da mun ɗauka ma'anarta ita ce mutum ya ce Allah ya kawo, ya ci gaba da zamansa yadda ya saba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Malamanmu na addini kuwa sun sha faɗa cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Abin da muka gane daga baya shi ne, yarda ta gaskiya ita ce mutum ya daina neman ranar da za a ce ya rabu da ciwon, ya karɓe shi a matsayin wani aiki da aka ɗora masa, wanda ake yi kullum, ba hutun ƙarshen mako, ba ritaya. Ku ma'aikata kun san littafin shige da ficen kuɗi. Akawun kirki ba ya jira ƙarshen shekara kafin ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma ba ya fushi da littafin idan lissafi bai daidaita ba, dubawa yake ya ga inda aka yi kuskure. Haka zama da ciwon sukari yake, kuma daga ranar da muka ɗauke shi haka tsoronsa ya ragu a zukatanmu.

Lissafin da awo yake farawa. Ana cewa mutum yana da ciwon idan aka gwada jininsa kafin ya karya kumallo aka sami 7.0 ko fiye, ko kuwa 126 a ɗaya ma'aunin. Na'urori iri biyu ne a kasuwa, a ninka lambar farko sau 18 sai a sami ta biyu. Ga wanda ya riga ya kamu, abin da galibi likitoci ke nema shi ne tsakanin 4.4 da 7.2 kafin cin abinci, ƙasa da 10 kuma sa'a biyu bayan ci. Akwai wani gwaji mai suna HbA1c da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, domin sukari yakan manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa kimanin kwana 120 suke rayuwa. Wannan gwaji shi ne mai binciken asusu, ba a yi masa wayo da yin azumin kwana biyu kafin ranar asibiti, abin da waɗansunmu suka taɓa gwadawa. Yawancin manya ana so su tsaya kusa da kashi 7 cikin ɗari. Sai dai mai sikila ko ƙarancin jini ya gaya wa likita tun da wuri, domin waɗannan sukan karkatar da sakamakon, kuma kun san yawansu a ƙasarmu.

Batun abinci shi ya fi ba mu wahala, a nan kuma aka fi yi mana ƙarya. Da aka sallame mu daga asibiti, kowane ɗan'uwa da maƙwabci ya zama likita. Wannan ya ce daga yau sai tuwon alkama, wancan ya ce sai acha, wata ta ce a bar sukari a koma zuma. Gaskiyar magana ita ce alkama da acha da dawa da gero duk hatsi ne, duk sukari suke zama a jini, kuma malmala uku ta tuwon alkama ta fi malmala ɗaya ta tuwon shinkafa ɓarna. Zuma kuwa sukari ce tsantsa, ƙudan zuma ne kawai ya tara ta. Hatsin da ba a surfe shi ya yi fari tas ba ya fi, domin dusarsa tana rage saurin narkewa, amma yawan abin da aka ci shi ne kan gaba. Ƙa'idar da ta fi yi mana amfani mai sauƙi ce: a raba faranti biyu, rabi ganye da kayan lambu, irin su zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, kabeji, ɗaya rabin a sake raba shi biyu, kashi ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kashi ɗaya tuwo ko shinkafa. Watau an juya tsarin da muka tashi da shi, inda tuwo ne sarki miya baranya.

Mun kuma koyi tambayar jikinmu da kanmu. Mutum ya gwada jininsa kafin ya ci wani abinci, ya sake gwadawa bayan sa'a biyu, ya rubuta. Cikin 'yan makonni zai san abokansa da maƙiyansa. Akawunmu ya gano cewa kokon da yake sha kowace safiya, mai sukari cokali uku, yana kai shi sama da 14, amma alale da ƙwai ba sa ɗaga shi sosai. Wani ya gano fura ba ta dame shi ƙwarai idan nono ya fi yawa kuma ba a zuba sukari ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne zaƙin da ake sha. Kwalbar lemo mai rabin lita takan ƙunshi sukari kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali goma sha biyu ke nan, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce babban mutum mai lafiya ya tsaya a kai a yini guda. Zoɓo da kunun aya na sayarwa, da shayin mai shayi mai madarar gwangwani, ba su da nisa da wannan. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Nijeriya, amma a ganinmu naira goma ba ta taɓa hana kowa buɗe kwalba ba.

Sanin abin da za a ci abu ne mai sauƙi. Wuyar tana wurin mutane. Mu al'umma ce da ke nuna ƙauna da abinci. Ka je gaishe da gwaggo ta dama maka fura ta cika sukari, in ka ƙi ta ce ka yi boko ka raina ta. A taron ofis a ajiye maka lemo da biskit, a wurin biki a cika maka faranti da shinkafa. A gida kuma ana ci a kwano ɗaya, babu mai auna lomarsa. Mun gwada ƙarya, mu ce mun ƙoshi ko ciki na ciwo, ba ta kai mu ko'ina ba. Abin da ya yi aiki shi ne faɗin gaskiya sau ɗaya a fili: "Gwaggo, likita ya ce ina da ciwon sukari, a dama mini ba sukari." Tun daga ranar gwaggon ta zama mai gadinmu, har ta fi likitan tsanani. Muna kuma roƙon masu girki, kada a ware wa majinyaci 'yar tukunyarsa ta daban marar daɗi kamar wanda ake horo. Abincin da ya dace da shi ya dace da kowa a gidan, musamman 'ya'yansa, tun da ciwon yana bin jini.

Motsa jiki ba ya bukatar dogon bayani. Tsokar da ke aiki takan janye sukari daga jini, tsatsar kwaɗon nan kuma ta ragu. Minti 150 a mako ake nema, watau rabin sa'a na tafiya da sauri kwana biyar. Wani cikinmu ya koma sallar la'asar a masallacin da ya fi nisa da ofis, wani yana sauka daga mota tun kafin a kai unguwarsu, malamarmu kuwa tana zagaya filin makaranta bayan an tashi.

Game da magani, a sha shi ko ana jin garau, domin kun ji inda jin garau ya kai ɗan'uwanmu. Metfomin yakan ɓata ciki a farko, shan sa tare da abinci yana rage haka. Idan shekaru suka tura, likita ya ce a ƙara da allurar insulin, mutane sukan firgita, su ce wanda aka fara yi wa allura ya kusa. Abin da ya jawo wannan magana shi ne da yawa ba sa yarda da allurar sai ciwo ya gama cin su. Biyu daga cikinmu suna yi wa kansu ita shekaru da dama, ga su nan zaune a layin gaba. Insulin ba ya son zafi. Inda wutar lantarki ba ta zama, akan ajiye kwalbar da ake amfani da ita cikin tukunyar ƙasa da aka sa a cikin wata babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, irin dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Akwai kuma hatsarin da ke zuwa ta ɗaya gefen, watau sukari ya faɗi ƙasa da 3.9, ko 70 a ɗaya ma'aunin. Ya fi samun masu allura da masu shan ƙwaya irin gilibenkilamaid, idan suka sha magani ba su ci abinci ba. Alamunsa gumi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani da ruɗewa. Maganinsa sukarin da ake gudu: ƙwaya uku ko huɗu, ko babban cokali ɗaya a ruwa, a jira minti 15 a sake gwadawa. Saboda haka ba ma fita sai da ƙwayar sukari a aljihu, kuma wajibi ne abokin ofis ko abokin ɗaki ya san halin da ake ciki. Idan mutum ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Ƙafa kuwa, bayan abin da muka gani, mun mai da ita abin dubawa kullum. Alwala ta ba mu dama sau biyar a yini mu leƙa tafin ƙafa da tsakanin yatsu, mu kuma tsane ruwan sosai. Ba ma tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, mukan zazzage takalmi kafin mu sa, da hunturu mu shafa mai saboda faso, ba ma kuma ɗumama ƙafa a kaskon wuta, domin ƙafar da ba ta jin ƙusa ba za ta ji garwashi ba. Masu yawon yankan farce mun sallame su. Ido da ƙoda a duba su sau ɗaya a shekara ko babu abin da ake ji, hawan jini kuwa a kowane zuwa asibiti. Maza kuma, idan rauni ya samu a wajen iyali, a gaya wa likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sau da yawa ciwon ne, kuma akwai abin da za a iya yi.

Azumin watan Ramadan yana bukatar shiri tun wata ɗaya ko biyu kafin ya kama. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 a kan azumin shekarar 2001 ya nuna cewa kusan kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu sun azumci aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka sau da yawa a cikin watan. Da yawanmu muna azumi lafiya, bayan likita ya sauya mana lokacin magani da adadinsa. Mukan jinkirta sahur, mu buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya ko biyu, mu yi hattara da kunu mai sukari da soye-soye. Ƙa'idar likitoci ita ce a karya azumi idan awo ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6, kuma malamai sun yi bayani cewa ɗigon jinin da ake tsatsa a yatsa ba ya ɓata azumi. Wanda likita ya ce kada ya yi, shari'a ta yi masa rangwame, bai kamata kunyar mutane ta sa ya ƙi karɓa ba.

Ba za mu ɓoye muku ba, ciwon yana cin kuɗi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magani da tsinken gwaji ya yi tashin da ya sa waɗansu a bencinmu suke raba ƙwaya biyu ko su tsallake kwana. Akwai sababbin magunguna masu kare zuciya da ƙoda, amma albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya kai musu. Shawararmu ga sababbin ma'aikata ita ce ku cike takardun inshorar lafiya tun kuna ƙalau. Dokar 2022 ta wajabta ta, amma da yawa ba sa bin kadinta sai sun kwanta. Wanda kuma kuɗin magani ya gagare shi ya faɗa wa likita a fili a nemi mai rahusa, ya fi ya rage a ɓoye.

Za a tambaye mu, shin ba a rabuwa da shi ke nan sam? Wani gwaji da aka yi a Birtaniya, aka buga sakamakonsa a 2017, ya ɗauki masu ƙiba waɗanda ba su wuce shekara shida da kamuwa ba, aka sa su rage nauyi ƙwarai ƙarƙashin kulawar asibiti. Bayan shekara guda kashi 46 cikin ɗari sukarinsu ya dawo daidai ba tare da magani ba. Likitoci suna kiran wannan lafawa, suna guje wa kalmar warkewa, domin idan nauyin ya dawo ciwon ma yakan dawo. Labari ne mai daɗi ga wanda aka gano nasa da wuri, shi ya sa muka fi damuwa da ku fiye da kanmu. A Amurka, binciken da aka bayyana a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke bakin kamuwa, da suka rage kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu suka kuma riƙe tafiyar nan ta minti 150, hatsarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari.

Mun san rayuwar da ke gabanku domin mun yi ta. Yanzu kuna taka ƙafa daga ɗakin kwana zuwa aji, kuna cin taliyar mai shayi da lemo da tsakar dare, jiki yana ƙonawa. Nan da 'yan shekaru za a ba ku kujera da tebur, ku sayi babur ko mota, tafiya ta ƙare, ci ya ƙaru, tumbi ya fito, mutanen gida su ce arziki ya zauna. Wannan kitsen na ciki shi ne tsatsar. Ku sami igiya ku auna tsayinku, ku ninka ta biyu, ku zagaya cikinku da ita daidai wajen cibiya. Idan ba ta haɗu ba, lokacin gyara ya yi. Wanda uwa ko uba ko ɗan'uwansa ke da ciwon, da macen da sukarinta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki ko ta haifi jariri mai nauyin fiye da kilo huɗu, da mai hawan jini, kada su jira alama.

Mun roƙi ma'aikatan jinya biyu su zo tare da mu, suna can bayan zaure da na'urar gwaji da ta awon jini, kuma ba za a karɓi ko kwabo ba. Wanda ya riga ya ci abinci yau zai iya gwadawa, amma ya fi kyau ya dawo gobe da ƙarfe bakwai na safe bai karya ba, za su kasance a nan har ƙarfe goma. Wanda sakamakonsa ya yi sama za a rubuta masa takarda zuwa asibitin jami'a domin a tabbatar, tun da gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Mu bakwai kuma muna nan zaune bayan an tashi, ga duk mai tambayar da ba ya son yi a bainar jama'a.